An Ɗage Mini Horo Tuntuni, Amma Har Yau Ina Bencin Baya

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekaruna 35, ina sana'ar ɗinki, ina zaune da maigidana a wani gari a kudancin Kaduna. Ina da shekara 20 na yi ciki ba aure. Wanda ya yi mini cikin ɗan ƙungiyar mawaƙa ne kamar ni, ya ce ba nasa ba ne, ya bar garin. Dattawan ikkilisiya suka sa ni a horo na wata 6, aka hana ni cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, aka cire ni daga mawaƙa, aka zaunar da ni a bencin baya. Bayan na haihu na tsaya gaban jama'a na roƙi gafara, aka karɓe ni. Yarinyar yanzu shekararta 14.

Shekara 6 ke nan da aurena. Maigidana ya san komai kafin ya aure ni, muna da ɗa namiji ɗaya. Amma cikin shekara biyun nan na yi ɓari sau biyu, duka a wata na uku. Uwar mijina ta ce ruwa ba ya tsami banza, alhakin abin da na yi ne yake bina, har ta kawo mini misalin ɗan Dawuda da ya mutu. Ta kai ni wurin wata mai addu'a, ita ma ta ce akwai la'ana a kaina, sai na yi azumin kwana 7 ba ci ba sha, in kuma kawo kuɗin mai da kyandir. Na ba da kuɗi sau biyu, maigidana bai sani ba.

Mama, gaskiya tun kafin ɓarin nan hankalina bai taɓa kwanciya ba. Duk wa'azin da aka yi kiran tuba sai na fita, ban san sau nawa na karɓi Yesu ba. Ranar Jibi nakan ce kaina na ciwo in zauna a gida, domin an ce wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake jawo wa kansa. Ba wanda ya ce in koma bencin baya, amma can nake zama. Nakan farka ƙarfe 2 na dare ina tunanin in na mutu yanzu wuta zan shiga. Na karanta Ibraniyawa 10:26, inda aka ce in mun ci gaba da yin zunubi da gangan bayan mun san gaskiya ba sauran hadaya domin zunubi, ya ƙara tsorata ni, don ina sane na yi abin da na yi. Allah ya gafarta mini kuwa? Ta yaya mutum zai sani?

'Yarki cikin Ubangiji

'Yata, sannu. Sannu da rashin da kika yi har sau biyu, Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki. Na fara da gaisuwar ne don na lura kowa ya kawo miki dalilin ɓarin, amma ban ga inda wani ya zauna kusa da ke ya yi miki ta'aziyya ba. 'Ya'ya biyu ne kika sa rai da su, watakila har kin fara tunanin suna da zannuwan goyo. Ya kamata a bar ki ki yi kukansu ba tare da an gurfanar da ke gaban shari'a ba.

Tambayoyinki na ƙarshe zan fara amsawa, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Eh, Allah ya gafarta miki. Kin yi zunubi, kin amsa laifinki, kin tuba, kin jingina ga Yesu, kin kuma bar hanyar nan shekara 14 ba ki koma ba. Bisa ga abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, maganarki ta ƙare tuntuni.

Ki buɗe Romawa 8:1. Bulus ya ce yanzu babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu. Wasu dattawanmu kan ce “babu kayarwa”, ni kuwa ina son kalmar nan, domin maganar kotu ce: an shigar da ƙara, an saurare ta, ba a kayar da wanda ake ƙara ba. Ki riƙe kalmar “yanzu” da kyau. Bai ce sai kin cika shekara kaza kina kuka ba, bai ce sai ranar ƙarshe a duba a gani ba. Ki kuma tuna wanda ya rubuta ayar. Mutumin da ya tsaya yana gadin rigunan masu jifan Istifanas ne, wanda ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku. Layi kaɗan kafin ayar nan, a sura ta 7, yana kukan cewa nagarin abin da yake so ya yi ba shi yake yi ba. Wannan bakin ne ya furta babu hukunci. A ƙarshen surar ya yi tambaya irin ta alƙali: wa zai kai ƙarar zaɓaɓɓun Allah, alhali Allah ne mai kuɓutarwa? Wa zai hukunta, alhali Almasihu ya mutu, ya tashi, yana dama ga Allah yana yi mana roƙo? Uwar mijinki ba ta cikin masu ikon sake buɗe shari'ar nan. Mai addu'ar ba ta ciki. Ke ma kanki, 'yata, ba ki ciki.

Ke mai sana'a ce, kin san littafin bashi. A ce akwai sunanki a littafin mai sayar da yadi, kuɗi masu yawa, sai yayanki ya je ya biya duka, aka ja layi a kan sunan. Ke kuma duk ƙarshen wata ki ɗaura mayafi ki je shagon da 'yan canjinki kina roƙon a ƙara miki haƙuri. Mai shagon zai rasa yadda zai yi da ke, yayan kuma in ya ji zai ji zafi, don kamar ba ki yarda ya biya ba ne. Kolosiyawa 2:14 ta ce takardar bashin da take tsaye a kanmu Allah ya soke ta, ya kafa ta da ƙusa a kan gicciye. Shi ya sa a 1 Yahaya 1:9, inda aka ce in mun furta zunubanmu zai gafarta mana, ba a tsaya ga cewa shi mai aminci ne kawai ba, aka ƙara da cewa mai adalci ne. Mai adalci ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu.

Na san abin da za ki ce mini: Mama, to me ya sa ba na jin haka a raina? Domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kina yarinya 'yar shekara 20, da ciki, kika yi wata 6 kina zaune a baya kina kallon ƙeyar mutane, kina jin waƙar da ke ce kike jan baitinta ana rerawa ba ke. Kunyar nan ta shiga jikinki. Dattawa sun ɗage horon cikin minti biyar ranar Lahadi, amma jiki bai saurin mantuwa haka. Abin da kike ji da ƙarfe 2 na dare tabon wancan lokacin ne, kada ki ɗauke shi a matsayin saƙo daga Allah. Manzo Yahaya ya san da irinki, don ya ce ko zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san komai. A ƙarshen wasiƙar tasa, 1 Yahaya 5:13, ya ce ya rubuta ne domin masu gaskatawa da sunan Ɗan Allah su sani suna da rai madawwami. Sani ya ce. Sanin nan kuwa a kan alkawarin Allah da aikin Yesu yake tsaye, waɗanda ba sa canzawa ko kin kwana lafiya ko ba ki runtsa ba.

Akwai wata hanya da nake gwada muryoyin da ke zuwa wa mutum da dare. In Ruhu Mai Tsarki ne yake tsauta miki, zai kama abu guda ya kira sunansa: kin yi wa wance ƙarya a kan ranar da za ki gama ɗinkinta, je ki gyara. Kina gyarawa sai nauyin ya sauka. Muryar mai ƙarar 'yan'uwa kuwa, wato Shaiɗan, wanda Wahayin Yahaya 12:10 ta ce dare da rana yake kai ƙararsu, ba ta nuna miki abin gyarawa. Sai dai ta ce ke dai ƙazama ce, ke dai ba ki isa ba, ta maimaita tsohon zancen da aka riga aka rufe. In kin yi azumi ta ce bai isa ba, in kin fita kiran tuba ta ce ba da gaske kika fita ba. Ki duba shekarun nan 14, ki gaya wa kanki wace murya ce a cikin biyun kike ta yi wa hidima.

Ba ke kika fara wannan ciwon ba. Martin Luther, wanda 'yan'uwanmu na ikkilisiyar Lutheran a Numan da kewaye suke amsa sunansa, ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505. Yakan yi awoyi yana zayyana zunubansa gaban mai sauraron ikirarinsa, Johann von Staupitz, ya fito, ya tuna wani ɗan abu, ya koma. Staupitz ya yi ta nuna masa ya ɗauke ido daga lissafin kansa ya dubi raunukan Almasihu. Sai daga baya, yana nazarin Romawa 1:17, ya gane adalcin Allah da ake maganarsa a wurin kyauta ne da Allah yake ba mai bangaskiya. Mutumin da ya fi ki azumi da rashin barci bai sami salama ta wurin ƙara su ba.

Yanzu Ibraniyawa 10:26. An rubuta wasiƙar ne ga Yahudawa masu bi waɗanda tsanani ya matsa musu har suna tunanin barin Almasihu su koma ga hadayun dabbobi. Ki karanta har aya ta 29, za ki ga irin zunubin da ake nufi: mutum ya tattake Ɗan Allah, ya mai da jinin alkawari abin banza, ya ci gaba a haka da gangan. Wanda ya ƙi hadayar Yesu, ba wata hadayar da ta rage masa, wannan shi ne gargaɗin. Ke kuwa wurin hadayar nan kike ta gudu har kin rasa lissafi. In da kowane zunubin da aka yi ana sane ya wuce gafara, da Dawuda ya hallaka, da Bitrus ma, wanda aka gaya masa tun da yamma zai yi musu, ya kuma yi har sau uku. A surar nan dai, aya ta 17 da ta 18, Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da zunubansu ba, inda kuma aka gafarta ba sauran buƙatar hadaya. Ikkilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba a kan ko mai bi zai iya juya wa ceto baya daga ƙarshe, malamai sun daɗe suna wannan muhawara. Amma ko wane ɓangare kika tambaya, ba za su ce macen da ta tuba, take kuka don tana son Yesu, ita ce wadda ayar take nufi ba. Wanda ya yi ridda ba ya farkawa ƙarfe 2 yana tambaya ko Yesu zai karɓe shi.

Maganar Jibi ita ta fi taɓa ni. Ki karanta 1 Korintiyawa 11 tun daga aya ta 17. Abin da ya faru a Koranti shi ne masu hali suna riga zuwa su cinye su shanye, har wani ya bugu, matalauci ya zo ya tarar ba komai. Yadda suke cin ne Bulus ya kira rashin cancanta. Da cancantar mai ci ake nufi, da tun daga fasto har mai shara ba wanda zai miƙa hannu. A aya ta 28 ya ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ke kin tsaya a rabin farko na ayar shekara da shekaru. Marar lafiya ce ke, kina ƙin shan magani wai sai kin warke.

Game da ikkilisiyarku, ba zan ce dattawa sun yi laifi da suka hore ki ba. Amma horo a Sabon Alkawari don maido da mutum ake yinsa, yana kuma da ƙarshe. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikkilisiya horon da aka yi wa mai laifin nan ya isa, yanzu su yafe masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu, kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi. Mu kuwa mun iya sanarwar sa mutum a horo da babbar murya, ranar ɗagewa sai a karanta suna a gurguje tsakanin sanarwar baiko da ta taron mata. Wannan gazawarmu ce mu manya, na kuma faɗe ta a gaban dattawa ba sau ɗaya ba. Akwai kuma abin da ba ki faɗa ba amma ina jinsa a ƙarƙashin wasiƙarki: mutum biyu suka yi abu, ɗaya ya ɗauki jakarsa ya bar gari, ɗaya ta zauna a benci. A Yahaya 8 ma, da aka kama mace tana zina, ita kaɗai aka jawo gaban Yesu. In akwai ɗaci a ranki game da saurayin nan, ko game da waɗanda ba su neme shi ba, ki faɗa wa Allah da sunansa. Wani lokaci fushin da mutum bai sami inda zai kai shi ba, kansa yake juya wa.

To, uwar mijinki. Kada ki mai da ita abokiyar gaba. Tsohuwa ce mai son jikoki, ta ga ciki biyu sun zube, tsoro ya kama ta, ta nemi dalili a inda ta saba nema. Amma ta yi kuskure, kuskuren kuma yana yi miki rauni. Misalin Dawuda da ta kawo, gaskiya ne yaron ya mutu, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai a 2 Sama'ila 12 annabi Natan ne Allah ya aiko da magana takamaimai ga sarki guda, a kan kwace matar mutum da kashe mijinta. Ba a ba kowace suruka izinin ɗaukar wannan hukunci ta ɗora wa duk macen da ta yi ɓari ba. In kuma za a bi labarin, a bi shi har ƙarshe: Natan ya ce wa Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinsa, Batsheba, matar da ya ƙwace, ta sake haihuwa, aka sami Sulemanu, Allah ya aiko aka sa masa suna Yedidiya, wato ƙaunataccen Ubangiji. Matiyu kuma da ya zo jera kakannin Yesu bai tsallake matar Uriya ba, wato Batsheba, bai tsallake Tamar da Rahab ba, waɗanda su ma labarinsu yana da tabo.

Wannan lissafi na “wahala ta zo, lalle akwai laifi” Yesu da kansa ya rushe shi. Almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Ya kuma yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba surori da yawa suka yi suna cewa ruwa ba ya tsami banza, a ƙarshe Allah ya ce ya husata da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Sannan ki dubi gidanki. Bayan wancan abin Allah ya ba ki 'ya lafiyayya, ya ba ki miji, ya ba ki ɗa. Wace irin la'ana ce za ta yi barci shekara goma sha biyu sannan ta farka?

Ruwan yana da dalilin tsaminsa, amma asibiti za a je a nemo shi. Ɓari ya fi yadda mata suke faɗa yawa: cikin kowane ciki goma da aka san da shigarsu, ɗaya zuwa biyu kan zube, akasari a watanni ukun farko. Kusan rabin irin waɗannan daga yadda ƙwayoyin halittar ɗan tayin suka haɗu ne tun farko, abin da ba ruwansa da abin da uwar ta ci ko ta ɗauka ko ta aikata. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga, matsalar maƙoƙo, ƙari a mahaifa, wasu cututtukan sanyi da wata matsalar daskarewar jini duk suna iya jawo shi, da yawansu kuma ana maganinsu. Tunda sau biyu ne a jere, ki nemi likitan mata tun kafin wani cikin ya shiga, ku je tare da maigidanki don shi ma akwai gwajin da za a iya yi masa. Ku san rukunin jininku, ki tambaya game da ƙwayar folik asid, ki kwana cikin gidan sauro. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki gaya wa likita tarihin kowane ciki da kika yi. Yawancin matan da suka yi ɓari biyu suna zuwa su haihu lafiya daga baya. Ki kuma gaya masa maganar rashin barcin nan. Baƙin ciki bayan ɓari yakan zama ciwon damuwa, shi ma ana maganinsa, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. In wata rana tunanin gara ki mutu ya zo miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, a ranar ki faɗa wa maigidanki ko matar fasto.

Azumin kwana 7 ba ci ba sha, ban yarda ba sam. Jikin da ya zubar da jini sau biyu ba zai ɗauka ba, kwanaki kaɗan ba ruwa suna iya lalata ƙoda, balle in akwai sabon ciki da ba ki sani ba. Ki daina zuwa wurin matar nan. Ban san zuciyarta ba, ba zan yanke mata hukunci ba, amma na san abin da Bitrus ya gaya wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8 sa'ad da ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanso mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu. Abin da aka biya da jini ba a cikasa shi da kuɗin kyandir. In kina son addu'a, Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawan ikkilisiya, kuma kyauta ne.

Abu guda ne a wasiƙarki da zan ce lalle ki gyara, shi ne kuɗin da kika bayar a ɓoye. Kin ga, wannan irin tsautawar ce mai suna, mai kuma mafita. Ki sami lokacin da yara suka yi barci ki gaya wa maigidanki nawa ne, da dalilin da ya sa. Watakila ransa ya ɓaci, ki bar shi ya ɓaci. Daga nan ki buɗe masa sauran: ciwon kan ƙarya na ranar Jibi, farkawar dare, maganganun mahaifiyarsa. Mutumin nan ya san labarinki ya kai sadaki da idonsa biyu, ina zaton bai san nauyin da kike ɗauke da shi a gefensa ba. Shi ma ya yi rashin 'ya'ya biyu, maza kuma ba a cika tambayarsu yaya suke ji ba. Shi ne zai yi wa mahaifiyarsa magana, cikin ladabi, ya ce Mama, matata ce, maganar nan ta wuce, muna zuwa asibiti, addu'arki muke so. In bakinsa ya yi nauyi a gabanta, ya nemi kawunsa ko wani dattijo da take jin maganarsa. Ke kuma in ta sake tayar da zancen, kada ki yi musu, kada ki yi kuka a gabanta. Ki ce, “Mama, Yesu ya gafarta mini, ki sa mu a addu'a,” ki ci gaba da aikinki. In abin ya ƙi ƙarewa, ki rage zama ku biyu kaɗai na ɗan lokaci, gaisuwa da hidima kuwa kada ki fasa.

Ku je wurin fastonku ke da maigidanki kafin Jibi mai zuwa. Ki gaya masa kin daɗe ba ki ci ba, ki roƙe shi ya faɗa miki da bakinsa cewa ke cikakkiyar 'yar ikkilisiya ce. Akwai maganar da mutum ya sani a ka, amma sai ya ji ta daga bakin wani take sauka. In kina jin nauyinsa, ki fara da matarsa ko wata uwa a Zumuntar Mata mai riƙe sirri. In kuma aka yi rashin sa'a kika tarar da mai tsauri wanda zai ƙara miki kaya, kada ki yi zuciya ki bar ikkilisiya, ki nemi wani fasto dattijo a yankinku ku zauna. Ranar Jibin ki roƙi wata 'yar'uwa ta zauna kusa da ke. Hannunki zai iya rawa, ki miƙa shi haka nan. Benci kuma ba sai kin yi tsalle zuwa na gaba ba, ki matsa layi biyu wannan Lahadi, wani Lahadin ki ƙara.

Kiran tuba kuwa, ban raina fitar da kike yi ba, Allah ya ga kowace. Amma nan gaba in aka yi kira ga waɗanda ba su taɓa karɓar Yesu ba, ki zauna daram, ki sunkuyar da kai ki ce na gode da ka karɓe ni. Da dare in kin farka, kada ki shiga gardama da tunanin, ba a cin mai ƙara da musu. Ki ajiye Littafi kusa da matashi, ki karanta Romawa 8:31-39 da murya, ko Zabura 103, ki kwanta. Zai dawo gobe, ki sake yin haka. Abin da ya yi shekara 14 yana kafuwa ba zai tumɓuke a mako ɗaya ba, dawowarsa kuma ba ta nuna gafarar ta warware.

Na bar maganar 'yarki a ƙarshe da gangan. Shekararta 14, tana da kunne, tana da lissafi. Tana ganin inda uwarta take zama a majami'a, tana ganin ranar da ciwon kai yake zuwa, ba mamaki ta ji abin da kakar gidan take faɗa. Yarinya a wannan shekarun takan haɗa ɗaya da ɗaya ta ce ashe ni ce zunubin. Ki karanta mata Ezekiyel 18:20, inda Allah ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Ki zaunar da ita ki gaya mata abin da kika yi kuskure ne, kin tuba, an gafarta miki, ita kuwa kyauta ce da ba ki taɓa nadamar samu ba. Ki roƙi maigidanki ya tabbatar ba wanda zai kira ta da mummunan suna a gidansa, ko wane ne. In tana ajin baftisma ko tana shirin shiga, ki riƙa raka ta, ranar da kika matsa daga bencin baya kuma ki kama hannunta ku matsa tare.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji abin da gwajin ya nuna. Ki gaishe mini da maigidanki da yaran.

Mamanki